Jama'ar Briketeri, mu je mu karɓo takardun aurenmu



Da wuya mako ya wuce ba a ɗaura aure a unguwarmu ta Briketeri da ke Yaoundé ba. Waliyyai su zauna, a faɗi sadaki, liman ya yi addu'a, a raba goro da alewa. A wajen Allah aure ya ɗauru, babu mai ja. Amma cikin angwayen nan, nawa ne suka taka zuwa meri, wato ofishin magajin gari, suka fito da takardar aure ta hukuma? Kowa ya san amsar.

Ban ga laifinsu gaba ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa neman takarda a ƙasar nan ya san abin da ke korar mutane. Tela ya rufe shago tun da sassafe, mai tsire ya bar wa yaro tukuba, ya je ya tarar da taga a rufe. In an buɗe, a dubi takardunsa a wulaƙance, a ce kofin takardar haihuwa ya tsufa, a sake sabo. Ya kawo sabon, a ce ai sunan baban amarya Ousmanou ne a nan, can kuma Ousman, sai an gyara. Mai sa hannu ya fita, a dawo gobe. In kuwa Faransancinsa bai nuna ba, sai tsawa, kamar ya zo bara. Yana juyawa wani ya biyo shi bakin ƙofa yana raɗa: "Alhaji, kawo na goro, yau ɗin nan a gama maka." Daga nan mutum ya yi rantsuwa ba zai sake komawa ba.

To, wa ke biyan kuɗin wannan fushin? Matarka ce, ranar da ba ka nan. Ita ce za ta je hukumar fansho ta CNPS neman fanshon mijinta, a ce ina takardar aure. Ita ce za ta tsaya gaban alƙali a kan gado, ko a kan gidan da ta shekara talatin tana sharewa, a ce ta kawo hujjar cewa ita matarka ce. Shaidun masallaci wasu sun rasu, wasu sun koma Garwa ko Marwa. Ta rasa miji, sannan ta shiga yawon kotu da marayu a bayanta.

Ku san doka, domin rashin saninta ne kasuwar 'yan na-goro. Tun dokar 29 ga Yuni 1981 aka rubuta cewa shigar da aure ko haihuwa cikin rajista kyauta ne. Abin da ake biya shi ne kuɗin tambur idan za a karɓi kofi. Ana kai sanarwa wata guda kafin ranar, a liƙa sunayenku a allo don mai ƙorafi ya fito, kuma in akwai uzuri mai ƙarfi, mai gabatar da ƙara na gwamnati yana iya ɗauke wannan jiran. A takardar za a tambaye ku: mace ɗaya ko fiye? Dukiya a haɗe ko kowa da tasa? Nan fa a buɗe ido. Wanda ya sa hannu a kan mace ɗaya don kunyar idon surukai, ya rufe wa kansa ƙofar ƙari a gaban hukuma. A watan Disamba 2024 kuma an yi sabuwar doka wadda ta tanadi a kai auren gargajiya a shigar da shi rajista. Wanda ba shi da takardar haihuwa, ya fara da kotu, a ba shi hukuncin da zai maye gurbinta.

Iyayenmu limamai, ku ne farkon waɗanda nake kira. Ranar da aka zo sa rana, ku tambayi waliyyai ko an kai sanarwa meri. Masu unguwa da ƙungiyoyin matasa, ku ware mutum biyu ko uku masu jin Faransanci su riƙa raka mutane, su duba sunaye harafi bayan harafi tun daga gida. Ma'aikacin da ke raina mutum ɗaya, yana gyara zama in ya ga goma. Iyaye mata, ku sa maganar nan a taron adashi. Ma'aikatar mata da iyali ta saba shirya auren gayya tare da magadan gari. Me zai hana mu tara sunayen ma'auratanmu, tsofaffi da sababbi, mu kai merin Yaoundé II da ke Tsinga mu nemi a sa mana rana?

Ku kuma ma'aikata, akwai na kirki cikinku, mun sani. Ku liƙa jerin takardun da ake buƙata da kuɗinsu a bakin ƙofa, kowa ya gani.

Duk kuɗin da aka ce ka biya, ka nemi rasit. In an hana ka, lambar hukumar yaƙi da cin hanci ta CONAC ita ce 1517. Wanda ya yi aure ba takarda, ya zauna da matarsa a daren nan su fito da takardun haihuwarsu, Litinin su kama hanya.