HIRAR ZANGO: Birin da Ake Biyan Dala 1,500 Don a Gan Shi

Zancenmu na wannan wata a kan biri ne. Kada mai karatu ya ce mun rasa abin faɗi. Ya yi haƙuri ya bi mu har ƙarshe, zai ga ashe maganar kasuwa ce, ta kuma shafi jakar tafiyarsa.

Waɗanda ke zaune a Faris sun saba ganin sunan ƙasar Ruwanda a allunan filin ƙwallo na Parc des Princes da rigunan motsa jiki na 'yan PSG. Tun watan Disamba na 2019 Ruwanda ta ƙulla wannan ciniki da su. A 2023 kuma jirginta na RwandAir ya soma tashi daga Faris zuwa Kigali. To, ƙasar da ba ta da teku, ba ta haƙar mai, me take talla haka a birnin Turawa? Babban abin da take kiran mutane su zo su gani shi ne goggon biri na kan duwatsu, wanda Turawa ke kira gorila.

Wannan ba goggon nan ba ne da ke ɓarnar gona a dajinmu. Shi baƙi ne wuluk, ba shi da wutsiya, gashinsa mai kauri saboda sanyi, namiji kuwa nauyinsa ya kan kai kilo 180, watau ya fi buhun shinkafa uku. Ba a samun irinsa ko'ina a duniya sai wuri biyu: duwatsun Virunga, inda iyakar Ruwanda da Yuganda da Kwango ta haɗu, da kurmin Bwindi na Yuganda. Waɗanda ake gani a gidajen dabbobi na Turai danginsa ne na kwari, ba na dutse ba.

Zamansu kuwa zaman gandu ne. Ko wane gida yana da kamar rai 10, wani ya fi haka. Akwai maigida, watau babban namiji wanda gashin bayansa ya yi furfura, abin da ke somawa sa'ad da ya kai wajen shekara 12. Shi ke zaɓen inda za a yi kiwo, shi ke raba faɗa, in abin tsoro ya taso kuma shi ke tsayawa gaba yana dukan ƙirji har iyali su tsere. Abincinsu ganye ne da tohon gora da ɓawon itace. Ko wace yamma babba ya kan shimfiɗa wa kansa sabon makwanci na ganye, yaro ya kwana jikin uwa. Budurwa in ta isa ta kan bar gidan ubanta ta koma wani gida. Lalle biri ya yi kama da mutum.

Ga abin da ɗan kasuwa zai riƙe: dabbar nan ba ta saurin yaɗuwa. Mace ba ta haihuwar fari sai ta kai wajen shekara 10, ciki wata takwas da rabi, sa'an nan ɗa guda ne bayan kamar shekara huɗu. Maigida kuma ba ya barin a ɗauki ɗansa yana da rai, saboda haka wanda ke son ya kama yaro guda ya sayar, sai ya kashe manya tukuna. In maigida ya mutu gidan ya kan watse, sabon namijin da matan suka koma wurinsa kuma ya kan kashe 'ya'yan da ke kan nono. Harsashi ɗaya ke nan, amma hasarar gida ce gaba ɗaya.

Turawa ba su san da shi ba sai 1902, sa'ad da wani hafsan Jamus, Kyaftin von Beringe, ya harbi biyu a kan dutsen Sabyinyo. A 1925 Beljiyam ta keɓe wurin ya zama gandun daji. Duk da haka farauta da tarko da saran daji ba su tsaya ba. An kai 'ya'ya biyu gidan dabbobi na Kolon a Jamus a 1969, suka mutu a 1978. Wata Ba'amurkiya, Dian Fossey, ta kafa sansani a cikinsu a 1967, tana ƙirga su tana yaƙi da mafarauta, har aka kashe ta a 1985. Ƙidayar 1981 ta sami kamar 250 kaɗai suka rage a Virunga.

Sai aka canja dabara. Aka ga in mutanen ƙasa ba su ci moriyar biri yana raye ba, ba za su tsare shi ba. Ma'aikata su kan bi gida guda kullum har wajen shekara biyu, sai ya saba da ganin mutum, sa'an nan a soma kai baƙi. Ƙa'idar kuwa tana da tsauri. Baƙo 8 kaɗai ake kai wa gida guda a rana. Su taka dutse da ƙafa cikin laka da ƙaya, wani lokaci sa'a ɗaya, wani lokaci rabin yini. In sun iske su, sa'a ɗaya tak za su yi, daga nesa, ba taɓawa. Mai mura ko tari ba a barinsa ya hau, domin cutar mutum tana kama su har ta kashe.

Kuɗin takardar izni a Ruwanda dala 1,500 ne ga mutum guda tun 2017. Yuganda ta mai da nata dala 800 a 2024. To, mai karatu ya buga lissafi: 8 sau 1,500, dala 12,000 ke nan daga gida guda a yini guda in baƙi sun cika, gobe kuma hajar tana nan ba ta ragu ba. Wane ne a cikinmu ke da rumfa irin wannan? Ban da haka ga masaukai, ga direbobi, ga 'yan dako, waɗansunsu ma dā mafarauta ne. Tun 2005 Ruwanda ke ware wa ƙauyukan gefen daji kashi 5 cikin 100 na kuɗin shiga, a 2017 ta mai da shi kashi 10, ana gina makarantu da asibitoci da tankunan ruwa. Ko wace shekara kuma ana bikin suna na 'ya'yan birin da aka haifa, Kwita Izina. Sakamakon ya fito a ƙidaya: 604 a Virunga a 2016, 459 a yankin Bwindi a 2018, jimla 1,063.

Ba mu ce cinikin ba shi da aibi ba. Batwa, mutanen da suka gaji kurmin Bwindi kaka da kakanni, an fitar da su sa'ad da aka mai da shi gandun gwamnati a 1991, yawancinsu suka zauna ba gona ba daji. A ɓangaren Kwango an kashe masu gadin Virunga fiye da 200. Ribar da ba ta kai ga mai wuri ba, akwai sauran gyara a cikinta.

Yanzu bari mu komo gida, domin garuruwan nan biyu da muke zaune suna da hannu a maganar. A Faris ofishin UNESCO yake, wadda ta sa Virunga cikin wuraren gadon duniya a 1979, Bwindi a 1994. A Faris aka ƙulla yarjejeniyar tsare goggon biri a watan Oktoba na 2007, Nijeriya kuwa tana ciki, domin a duwatsun Kuros Riba da makwabtansu na Kamaru akwai wani iri da bai wuce 300 ba. A Liyon kuma hedkwatar 'yan sandan duniya take, Interpol, tun 1989, daga cikin aikinta har da bin sawun masu fataucin dabbobin dawa.

Filin jirgin saman Roissy, inda muke sauka, babbar ƙofa ce ta wannan fatauci. A watan Yuni na 2008 masu bincike tare da 'yan duwan, watau kwastan, suka buɗe kayan fasinja 134 da suka fito Afirka, suka sami naman biri da kada da beguwa da ɗan-kunya, suka ƙiyasta kamar tan 5 na naman daji ke shigowa ko wane mako. Daga Mayu zuwa Disamba na 2022 kuma an kama ƙoƙon kan biri 392 a cikin ƙunshin gidan waya, yawanci daga Kamaru za a kai Amurka. Ba na Virunga ba ne, amma dokar da ta tsare wancan ita ta tsare waɗannan. Hukuncin Faransa ya kai ɗaurin shekara 3 da tarar yuro 150,000. In aka ce ƙungiya ce, shekara 7 da yuro 750,000.

Ga inda abin ya same mu. Mu mutanen saƙo ne. Ba wanda zai taso daga Duwala ko Kwatano ko Akara ko Yamai ba a ba shi ƙunshi ya kawo wa wane ba, kunya kuma ta kan hana shi tambayar abin da ke ciki. Ɗan duwan bai san wannan kunya ba. Jakar da ke da sunanka, abin da ke ciki naka ne, takardar zamanka kuma ita za ta amsa. Ko kilishi ma dokar Turai ba ta yarda matafiyi ya shigo da shi ba, balle ƙashi ko fata ko haƙorin dabbar da aka hana.

Saboda haka muna roƙon dattawa su faɗa wa yara da baƙi: duk saƙon da aka kawo, a buɗe shi a gaban mai shi kafin a sa a jaka. Wanda ya ƙi a buɗe, a mayar masa da abinsa cikin mutunci. Masu sayar da kayan sassaƙa da na gargajiya kuma su tsaya ga itace da tagulla da fatar dabbar gida. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Mutanen Ruwanda sun gane dabba mai rai jari ce, matacciya kuwa kuɗin yini ɗaya. Mu da muka gaji fatauci bai kamata wani ya fi mu gane wannan ba.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.