Sunansa tumtum

A hutun da ya wuce na koma gida Keita, na tarar ana shirin auren ƙanwata. Ɗalibi ba ya da kuɗin gado ko kabad, sai na ce bari in haɗa mata abin zama da hannuna. Na sayi tsohuwar tayar mota wurin mai faci, na wanke ta da omo, na shanya kwana biyu. Kafinta ya yanko mani faifan katako biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, na kafe su da ƙusa. Na ɗora soson katifa a kai, na naɗe gefen da tsumma, sannan na lulluɓe da ragowar atamfar da tela ya tara mani, ina jan ƙyallen sosai kafin in buga kowace ƙusa don kada ya yi tattara. Duka kuɗin bai kai jikka uku ba.

Ranar jere ƙawayen amarya suka yi ta dariya. "Taya cikin ɗakin amarya? Haba, talaucin bai kai nan ba!" Aka tura ta bayan ƙofa. Can da la'asar wata daga cikinsu ta ciro waya, ta nuna masu bidiyon wata Baturiya tana haɗa irinta sak, har da tayar, tana kiran ta otoman. Wallahi kafin magariba an jawo kujerar tsakar ɗaki ana ɗaukar hoto a kanta, mutum uku sun ce in yi masu.

To mi ya sake? Taya tana nan taya. Suna kawai aka sauya.

Tunda harshe nake karanta, bari in faɗa maku inda sunan ya fito. Otoman daga Usman ne, wanda ya kafa daular Turkawa wajen 1299. Turawa sun ga yadda mutanen can ke zama ƙasa-ƙasa bisa abin zama marar majingina, suka kwashi abin zuwa Turai cikin ƙarni na 18, suka laƙaba masa sunan masu shi. Ke nan su ma aro suka yi. Mu kuwa muna da namu tun kaka da kakanni: tumtum, wanda dukawa ke ɗinkawa da jar fata, a cusa masa audugar rimi ko tsumma, sarki ya jingina, malami ya ɗora gwiwar hannu. Fatar awakinmu, irin ta Sakkwato da Maraɗi, ita ce ayari ke ƙetare hamada da ita, a kai ta Turai a sayar da sunan fatar Maroko. Ashe cin sunan nan ba yau aka soma mana shi ba. Abin haushi shi ne yanzu da bakinmu muke yi.

Kuma kada wani ya ce mani wannan gardamar ƴan makaranta ce. Ku dubi abin da kayan ɗaki ke yi wa iyayenmu. Uba ya yi wata huɗu yana ban ruwan albasa cikin fadama, ya sayar, ya ƙara da awaki, ya ci bashi, duk don a jera kujerun salon cikin ɗakin ƙasa wanda in an saka su ba wurin shimfiɗa sallaya. Baƙi su zo, su gaida kujerun da ido, su zauna bisa tabarma. Bayan shekara biyu gara ta ci katakon, bashin ko yana nan. Alhali ga Madawa nan kusa da mu, wadda tabarmin kabarta suka yi suna a ƙasar nan duka, amma ɗiyar Adar tana jin kunyar a gan su cikin jerenta.

Kunyar aikin hannu a Keita! Garin da tun 1984, da aka soma babban aikin raya karkara, iyayenmu mata suka ɗauki duwatsu a ka, suka tare zaizaya, suka dasa itatuwa bisa tudun da kowa ya ce ya mutu. Mu jikokinsu ne muke jiran Baturiya ta ba mu izinin lulluɓe taya da atamfa?

Gaskiya ɗaya zan yarda da ita: in zafin watan Afrilu ya taso, taya tana wari, ko an wanke ta. Wanda bai iya jurewa ya ɗaure manyan gwangwanayen madara bakwai wuri guda, ɗaya a tsakiya shida kewaye, ya yi masu yadda na yi wa tayar. Wanda ke da hali kuma ya tahi wurin baduku ya sayi na fata, ya biya ba tare da ya yi ta ja-in-ja kamar zai sayi goro ba, don in dukawa suka bar sana'ar, kalmar ma za ta bi su.

Mutum ukun nan da suka ce in yi masu, na yi. Sharaɗi ɗaya na gindaya: duk wadda ta ce otoman ko puf gabana, kuɗin ya ninka. Biyu sun ce tumtum. Ta ukun ta biya jikka shida.