Tsohuwar Mota Ba Kayan Bola Ba Ce

Sau da yawa akan ji mutane suna cewa wanda ya ƙarar da rayuwarsa wajen tseren motoci da raya tsofaffin ƙarafa, alhali ba biyansa ake yi ba, almubazzari ne kawai. Wannan hukunci akwai gaggawa a cikinsa, kuma tarihin Briggs Cunningham, wani attajiri na ƙasar Amurka da ya rasu a 2003 yana da shekara 96, ya isa misali.

Shi dai wannan bawan Allah bai taɓa cin abinci da tsere ba. Burinsa guda ne, watau ya ga motar Amurka, da direban Amurka, ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. Ya fara zuwa can a 1950, sa'an nan ya kafa ma'aikatarsa ta ƙera motoci a Florida. A tseren 1952 shi da kansa ya riƙe sitiyari kusan awa 20, ya zo na huɗu. Motocinsa sun zo na uku a 1953 da 1954, amma kofin bai taɓa shiga hannunsa ba, har ya rufe ma'aikatar a 1955.

To, in da nan labarin ya tsaya, da masu suka sun yi gaskiya. Amma fa mutumin bai yar da motocin ba, nasa da na wasu. Ya tara su, ya sa makanikai suka yi ta kula da su yadda kowace za ta tashi ta yi tafiya, ba a jibge ta kamar gunki ba. A 1966 ya buɗe musu gidan nuni a Costa Mesa cikin jihar Kalifoniya, inda jama'a suka yi shekara 20 suna zuwa kallo. Cikinsu har da Bugatti Royale, wadda shida tak suka rage a duniya. Da aka yi gwanjonta a Landan a 1987, fam miliyan 5.5 aka saye ta. Ba kuɗin ne abin dubawa ba. Duk injin da aka raya, an raya sanin yadda aka ƙera shi, kuma yaron gareji ya sami abin koyo da hannunsa.

Ba shakka aikin na mai hali ne, talaka ba zai iya irin na Cunningham ba. Sai dai ajiye mota guda bai fi ƙarfin wata ma'aikata ko kwalejin fasaha ba. Kamfanin Peugeot ya soma harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma 504 ta yi wa ma'aikatan gwamnati da direbobin haya hidima shekara da shekaru. Yau mafi yawansu sun ƙare a hannun 'yan gwangwan, ana sayar da su a kan sikeli. Ya kamata hukumar gidajen tarihi ta nemi 'yan ƙalilan da suka rage, ta damƙa wa tsofaffin makanikan da suka san su gyaransu, tun suna da ƙarfin riƙe sifana.