Raddi ga Masu Raina Darasin Dokar Bashi

Akwai wani ra'ayi da ya daɗe yana yawo a tsangayoyin koyon aikin lauya na Amurka, wai darasin karayar arzikin mutum da dokokin karɓar bashi bai cancanci gurbi a manhaja ba. Hujjojin masu shi uku ne. Wai masu zuwa kotu neman a sauke musu bashi almubazzarai ne masu taurin bashi, saboda haka koyar da fannin ɗaure wa zamba gindi ne. Wai babu wani ilimi a ciki sai cike takardu, aikin da akawu ma zai iya. Wai kuma harkar ba ta kawo kuɗi, gara ɗalibi ya karanci durƙushewar manyan kamfanoni. Ta farkon ce jigo, don haka a kanta zan fi daɗewa.

Wa ya gaya musu almubazzarai ne? Tambayar ke nan da ba sa son ji, domin an riga an bincika, kuma amsar ba ta yi musu daɗi ba. A shekarun 1980 malaman shari'a biyu, Elizabeth Warren da Jay Westbrook, tare da masaniyar zamantakewa Teresa Sullivan, suka shiga kundayen kotuna suna karanta takardun mutanen da suka karye, suka fitar da sakamako a 1989, suka ƙara wani a 2000. Ita Warren da bakinta ta sha faɗa cewa ta shiga binciken ne da zaton za ta tarar da mayaudara. Sai ga shi akasarin mutanen masu matsakaicin hali ne, waɗanda aiki ya kuɓuce musu, ko rashin lafiya ta kwantar da wani a gidan, ko aure ya mutu nauyin gida ya dawo kan mutum guda. Na san abin da za a ce: ai alƙaluman rashin lafiyar ana jayayya a kansu. Gaskiya ne. Binciken da aka wallafa a 2009 ya danganta kashi 62 cikin 100 na karayar arziki da rashin lafiya, wasu masana tattalin arziki kuma a 2018 suka ce kwanciya asibiti kashi 4 kacal take haddasawa. Tazarar tana da yawa, kuma ni ma ina ganin na farkon ya cika gishiri. Amma a duba abin da suke musu a kai. Suna musu ne a kan wace masifa ta fi wata nauyi, babu wanda ya dawo da labarin almubazzaranci. Masu kashi 4 ɗin ma sun nuna cewa wanda ya kwanta asibiti samunsa na raguwa shekaru bayan an sallame shi.

Abin takaici, an ma gwada wannan zato a aikace. A 2005 majalisar dokokin Amurka, bisa matsin lambar bankuna da kamfanonin katin bashi, ta yi wa dokar karayar arziki ta 1978 garambawul, ta shigo da awon samu don a kama masu halin biya da ke fakewa a Babi na 7 na dokar, inda ake sauke bashi, a tura su Babi na 13, inda ake biya a hankali cikin shekara 3 zuwa 5. Jama'a suka yi rububin shigar da ƙara kafin dokar ta fara aiki, har adadin ya haura miliyan 2 a shekarar. Daga nan ya faɗi, sannan ya sake hawa zuwa kusan miliyan 1.5 a 2010. Ina mayaudaran da aka ɗana wa tarko? Mafi yawan masu ƙarar samunsu bai ma kai matsakaicin samun jiharsu ba, awon bai shafe su ba. Abin da ya tabbata shi ne kuɗin lauya ya tashi, daga kimanin dala 700 zuwa sama da 1,000 a Babi na 7, kamar yadda ofishin binciken kuɗi na gwamnati ya ruwaito a 2008. Wato mutum sai ya tara kuɗi kafin a yarda ba shi da kuɗi. Kuma rarrabewa tsakanin wanda ya kasa biya da wanda ya ƙi biya ba sabon abu ba ne. Kotun Ƙolin Amurka ta faɗa tun 1934 cewa manufar dokar ita ce bai wa mai gaskiyar da ƙaddara ta faɗa wa damar sake sabon lale. Wanda ya karanta babin taflisi a fiƙihun Malikiyya ya san alƙali na raba dukiyar wanda ya karye tsakanin masu binsa, ya bar masa abinci da sutura, matalauci kuma a jinkirta masa. Waɗanda bashi ya yi wa katutu ma suna cikin mutane takwas da ake ba zakka. Malaman zaure ba su taɓa ɗaukar wannan babi a matsayin koyar da zamba ba, sai ga masu digiri sun zo da sabuwar fahimta!

Hujja ta biyu, wai cike takardu ne. To, akawun ya bayyana mana hukunce-hukunce biyu na 2017. Dokar 1977 ta hana masu karɓar bashi buga waya kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare, ta hana su tona asirin mutum ga maƙwabta da abokan aiki. Amma a shari'ar Henson da Santander, Kotun Ƙoli ta ce kamfanin da ya sayi bashi yake karɓa wa kansa bai shiga ma'anar mai karɓar bashi da aka yi jayayya a kanta ba. A shari'ar Midland Funding da Johnson kuma ta ce ba laifi ba ne a gabatar wa kotun karayar arziki bashin da wa'adin ƙararsa ya wuce, bashin da ya haura shekara 10 a jihar Alabama mai wa'adin shekara 6. In babu wanda ya lura ya yi magana, sai a biya. Irin waɗannan kamfanoni suna sayen bashi ne a kan kimanin santi 4 a kowace dala, in ji hukumar kasuwanci ta tarayya a 2013. Rahoton cibiyar Pew na 2020 ya nuna ƙararrakin bashi sun tashi daga miliyan 1.7 a 1993 zuwa kusan miliyan 4 a 2013, sama da kashi 70 ana yanke su a bayan idon wanda ake ƙara, kuma masu lauya a cikin waɗanda ake ƙara ba su kai kashi 10 ba.

Ta ukun kuwa ba hujja ba ce, kwaɗayi ne. Sama da kashi 90 na ƙararrakin karayar arziki a Amurka na mutane ne ba na kamfanoni ba, kuma bashi hanji ne, yana cikin kowa. A Najeriya ma ɗaliban lauya na fita su tarar da manhajojin bashi na waya suna aika wa dangin mutum saƙon cin mutunci, abin da ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin masu su a Legas a 2022. Za su kuma tarar da mutane a tsare a caji ofis kan bashi, alhali Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓa yarjejeniya kawai.