Ladan Mai Riƙe da Sikeli a Gidajen Tsofaffi na Amurka

A ƙasar Amurka akwai gidaje wajen 15,000 waɗanda aka gina domin jinyar tsofaffi da naƙasassu da waɗanda ciwo ya kayar har ba su iya yi wa kansu kome, mutanen da ke kwance cikinsu kuwa sun haura miliyan ɗaya. Wanda ya tashi inda tsoho ke ƙare kwanakinsa a ɗakinsa, jikoki na kai da kawowa a gabansa, zai ji abin banbaraƙwai, amma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Maganar yau a kan wata ma'aikaciya ce guda ta cikin waɗannan gidaje, wadda masu ziyara ba su cika lura da ita ba, alhali kuwa da alƙalaminta ake yanke irin jinyar da tsoho zai samu da yawan kuɗin da gida zai karɓa. Ita ce nas mai kula da awon halin mazauna gida. Akwai maza cikin wannan aiki, amma mata sun fi yawa nesa.

Asalin aikin ga shi. A shekarar 1965 Shugaba Jonson ya sa hannu a kan dokar da ta kafa asusu biyu, Medicare domin tsofaffi da Medicaid domin matalauta, daga nan kuɗin Gwamnati suka fara kwarara cikin gidajen jinya. Inda kuɗi suka kwarara ba mai tsaro, an san abin da kan biyo baya. Aka yi ta jin labarin tsofaffin da aka ɗaure a gado, da waɗanda kwanciya ta ci musu baya har gyambo ya kai ƙashi, da waɗanda aka ɗirka wa magani domin su yi shiru. A 1986 majalisar masana likitanci ta ƙasar ta fito da rahoto mai zafi a kan haka, sa'an nan a watan Disamba na 1987 Shugaba Regan ya sa hannu a kan dokar gyaran gidajen. Cikin abin da dokar ta hukunta har da cewa duk wanda aka kwantar a gidan da ke cin kuɗin Gwamnati, tilas a auna halinsa da ma'auni iri ɗaya a ƙasar duka, a rubuta, a kuma gina jinyarsa bisa abin da aka rubuta. Wannan takardar awo ita ake kira MDS.

Aikin ba na ranar guda ba ne. Cikin kwana 14 da shigowar mutum za a gama babban awo, bayan kowane wata uku a sake dubawa, a ƙarshen shekara a sake babban awon, in kuwa halinsa ya sāke ƙwarai tsakanin haka, ko ya ji sauƙi ko ya ƙara tsanani, sai a sake tun daga farko. Ana tambayar jinsa da ganinsa, da cinsa da haɗiyarsa, da ko yana iya tashi daga gado shi kaɗai, da ko yana riƙe fitsari, da sau nawa ya faɗi, da yanayin fatarsa, da magungunan da yake sha. In nauyinsa ya ragu da kashi 5 cikin ɗari a wata guda, ko kashi 10 cikin wata shida, dole a rubuta. Tun daga watan Oktoba na 2010 aka ƙara wani abu mai kyau, watau a zauna da tsohon kansa a tambaye shi, ba a dogara ga bakin ma'aikata kaɗai ba. Akan faɗa masa kalmomi uku, safa da shuɗi da gado, ya maimaita, a tambaye shi shekara da wata da rana, sa'an nan a ce ya tuno kalmomin nan uku. Akan tambaye shi ko zuciyarsa na ɓaci, ko wani wuri na yi masa ciwo. Abin da aka samu shi ke nuna wuraren da za a zurfafa bincike, guda 20 ne a ƙa'ida, daga nan a tsara jinya cikin kwana bakwai. Nas mai awo ita ke haɗa bakin likita da mai kula da abinci da mai motsa gaɓoɓi da masu wanka da shimfiɗa, ta tara maganarsu wuri ɗaya, ta aika wa hukuma ta na'ura a kan lokaci.

Da a nan maganar ta tsaya, da aiki ne na jinya tsantsa. Amma tun daga 1998 Medicare ta mai da wannan takarda ma'aunin biya, jihohi da yawa kuma suka bi sahu da kuɗin Medicaid. Gwargwadon nauyin halin da aka rubuta, gwargwadon kuɗin da gida zai samu kowace rana. Awon da ake yi a makon farko shi ne tushen kuɗin zaman da Medicare ke biya, wanda kan iya kai kwana 100. In an makara da takarda, sai a biya gida mafi ƙanƙantar farashi. Har ila yau, tun Disamba na 2008 Gwamnati na ba gidaje taurari daga ɗaya zuwa biyar domin iyalai su san inda za su kai nasu, wani sashe na taurarin nan kuwa daga takardun awo ake ciro shi.

Wanda ya taɓa kai gyada ko auduga sikeli ya gane maganar tun ba a ƙarasa ba. Malamin sikeli yaron mai saye ne, shi ke ba shi albashi, shi ke iya korarsa, amma manomi ba shi da wata shaida sai abin da malamin ya karanta. Haka nas mai awo take, sai dai nata ya fi nauyi, gama manomi yana da ido da baki, yana iya ɗaukar buhunsa ya nufi wani sikeli, tsohuwar da gigin tsufa ya kama kuwa ba ta san ma an rubuta kome a kanta ba. Takarda ɗaya, iyayengiji biyu: ɗaya na kwance ba ya magana, ɗaya na ofis yana lissafi.

Ba zato ba ne cewa sikelin kan karkata. Babban mai binciken ma'aikatar lafiya ta Amurka ya ba da rahoto a 2012 cewa cikin takardun neman biya da gidajen suka kai wa Medicare a 2009, ɗaya bisa huɗu akwai kuskure, kuɗin da aka biya ba bisa ƙa'ida ba kuwa sun kai dala biliyan ɗaya da rabi. A wancan zamani ana biya ne bisa yawan mintocin motsa gaɓoɓi, babban mataki shi ne minti 720 a mako, sai ga tsofaffi tuli sun taru daidai bakin wannan adadi, kamar an gwada su da igiya. A 2016 kamfanin Life Care Centers of America ya yarda ya biya dala miliyan 145 domin a kashe ƙarar da aka yi masa a kan irin wannan, ba tare da kotu ta tabbatar da laifi ba. A watan Oktoba na 2019 aka sāke tsarin biya, aka bar ƙidayar mintoci aka koma ga irin cututtukan mutum da yawan hidimar da yake bukata. Gyara ne, amma ya ƙara wa alƙalamin nas nauyi, domin yanzu da yawa cikin cututtukan da ake rubutawa suna da farashi.

Akwai wanda ya fi wannan ban tsoro. Tun 2005 hukumar magunguna ta ƙasar ta yi gargaɗi cewa magungunan kwantar da masu taɓin hankali suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu gigin tsufa. Saboda haka gidan da ke yawan ba da su, ana rage masa daraja. Amma in an rubuta cewa mutum na da cutar ƙwaƙwalwa da ake kira sikizofireniya, ba a lissafa shi ciki. Wannan cuta kuwa yawanci da ƙuruciya take kama mutum, da wuya ta fara ga ɗan shekara tamanin. Sai aka ga tana yaɗuwa cikin takardu, har a watan Janairu na 2023 hukuma ta ba da sanarwa za ta bi gidaje tana binciken yadda aka rubuta ta. Gaskiya ne likita ke sa wa cuta suna, ba nas ba, amma ta hannun nas sunan ke shiga takardar awo, ita ce kuma ƙofar ƙarshe da ke iya cewa, ina hujja?

To, mai riƙe da irin wannan amana, wane sharaɗi doka ta gindaya mata? Kaɗan ne ƙwarai. Dokar tarayya ta ce nas mai rajista, watau wadda ta yi karatun shekara biyu zuwa huɗu ta ci jarrabawar ƙasa, ita za ta jagoranci awo ta sa hannu cewa an kammala, kowa kuma ya sa hannu a kan gaskiyar sashen da ya cika. Ba ta ce sai ta yi shekara kaza a bakin gadon tsofaffi ba, ba ta ce sai ta ci jarrabawa a kan awon kansa ba, ga shi kuwa littafin ƙa'idodinsa ɗaruruwan shafuka ne, ana kuma yi masa gyara a kai a kai. Akwai takardar shaida da wata ƙungiyar ma'aikatan jinya ke bayarwa ga wanda ya yi karatun awo ya ci, amma ganin dama ce, ba tilas ba. Saboda haka a gidaje da yawa ƙaramar nas mai lasin, wadda karatunta wajen shekara guda ne, ita ke yin aikin, babbar ta zo ta sa hannu a ƙasa. A wasu wuraren ma mai cika takardar tana can wani gari, tana karanta rubutun wasu a kwamfuta, ba ta taɓa haɗa ido da tsohon ba. Doka ta nemi sa hannu, ta manta da neman sani.

Dalilin wannan dabara a fili yake. Bisa lissafin ofishin ƙididdigar ƙwadago na ƙasar, a 2023 matsakaicin albashin nas mai rajista dala 86,070 ne a shekara, na ƙaramar nas kuwa dala 59,730. Mai gida ya duba tsakanin nan ya ga abin da zai rage. Bayan wannan, nas mai rajista a gidan tsofaffi ba ta kai ta asibiti albashi ba, don haka wadda ta ƙware ba ta daɗewa, da ta ga hanya sai ta kama. Wadda ta zauna kuwa, ranar da ma'aikata suka yi ƙaranci sai a taso ta daga tebur ta raba magani, kwanakin awo na ta tafiya ba sa jiran kowa, ta dawo da dare ta cika takarda da gaggawa. Dokar da aka fitar a 2024 ta a ajiye nas mai rajista dare da rana a kowane gida, kotu ta rushe ta a 2025, Majalisa kuma ta jingine ta a shekarar.

Masu gidaje suna da tasu hujja, ba kuwa za a ce duk ƙarya ce ba. Sun ce Medicaid ce ke biya wa wajen mutum shida cikin goma na mazauna, biyanta kuwa ƙanƙane ne, kuma a ƙauyuka nas mai rajista ta yi wuyar samu ko da kuɗi a hannu. Sun ce ƙaramar nas da ta yi shekara ashirin tana juya tsofaffi ta fi sabuwar mai rajista gane wanda ya fara gazawa. Wannan na ƙarshe gaskiya ne, amma hujja ce a kansu. In ta fi sani, me ya sa ake biyanta ladan ƙarama tana aikin babba? Akwai makarantun da ke ɗaga ƙaramar nas zuwa mai rajista, gidan da ke cin moriyar alƙalaminta shi ya cancanta ya ɗauki nauyin karatun.

Abin da ya kamata dai a bayyane yake. Kada a ba kowa sikelin nan sai wadda ta yi jinyar tsofaffi da hannunta, ta ci jarrabawar awo, tana kuma sabunta ta duk sa'ad da aka sāke ƙa'ida, ta kuwa ga mutumin da idonta kafin ta rubuta. Albashinta ya yi daidai da na takwararta ta asibiti, domin kada yunwa ko tsoron kora su shiga tsakaninta da takarda. Abin da ya fi duka muhimmanci, albashin ya zama tsayayye, kada a ɗaura ko kwabo ɗaya nasa ga yawan kuɗin da takardunta suka jawo wa gida. Sau da yawa tallar neman mai wannan aiki takan ambaci ƙara wa gida kuɗin shiga a jerin ayyukanta. Ba laifi ba ne gida ya karɓi haƙƙinsa cif, tsohon da aka rage wa nauyin hali a takarda ma an cuce shi, gama za a rage masa hidima. Amma ranar da aka ce tukwicin nas ya hau in kuɗi sun hau, an sa mata dutse a sikeli tun kafin a ɗora kaya.

Dokar 1987 ta hango wannan. Ta yanka tarar da ta kai dala 1,000 a kan kowace takarda ga wanda ya rubuta ƙarya da gangan, ta kuma yanka har dala 5,000 ga wanda ya sa shi ya rubuta, watau ta san mai tura hannu ya fi mai hannu laifi. Sai dai a takarda sunan nas ne ke rubuce da ranar wata, lasin ɗinta ne a bakin wuta, shi kuwa mai turawa yakan yi maganarsa da baki, ƙofa a rufe.