Hayaƙin da Ke Tare Mana Rana: Kira ga Mahautanmu da Sauran 'Yan Uwa a Fatakwal



Duk wanda ya zauna a Fatakwal daga ƙarshen shekarar 2016 zuwa yau ya san baƙar ƙurar nan mai sauka kamar kunkunniya. A shanya farar riga ta yi baƙi, a goge ɗaki da safe, kafin azahar tafin ƙafar yara ya yi duƙun-duƙun. Babban tushenta sananne ne: masu dafa ɗanyen mai a ɓoye cikin surƙuƙin bakin ruwa, da kuma cinna wa man wuta da jami'an tsaro kan yi idan sun kama shi. A 2017 gwamnatin Ribas ta kafa kwamiti kan matsalar, ta kuma hana ƙona tayoyi. A farkon 2022 ta shiga rusa haramtattun matatun, kowa kuma ya ga yadda sama ta ɗan washe.

Abin da muke so mu tuna wa juna shi ne, ɓarnar hayaƙi ta wuce riga da huhu. Tana kaiwa ga hasken rana da ruwan sama.

Hayaƙi tarin burbushi ne ƙanana ƙwarai, wasu sun fi silin gashi siranta sau talatin. Idan sun hau sama, aikinsu iri biyu ne. Masu haske, irin waɗanda ke samuwa daga farar wutar da ke cikin kwal da man jiragen ruwa, suna mayar da hasken rana sama kamar madubi, sai ƙasa ta ɗan yi sanyi. Baƙaƙen kuwa, irin na taya da ɗanyen mai da dizal, suna shanye hasken kamar yadda baƙar riga ke yi, su ɗumama iskar da suke ciki. Ko wanne iri ne, hasken da ke isowa ƙasa yana raguwa. Masu sola a rufin gida shaida ne, domin da ƙura ta lulluɓe farantin sai wuta ta ragu.

Duniya ta ga ƙarfin wannan abu a 1991, lokacin da dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya yi aman wuta. Burbushin da ya watsa a sama ya rage zafin duniya da kusan rabin digiri na sama da shekara guda. Wancan ikon Allah ne, babu hannun mutum. To amma masana'antun ɗan Adam suna yin irinsa kullum.

Ga inda zancen ya shafe mu kai tsaye. Iyayenmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da gero ya bushe a gona, shanu suka ƙare, mutane da yawa daga Arewa da Nijar suka gangaro Kudu neman abinci. Binciken masana yanayi da dama ya nuna cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka na waɗancan shekaru yana cikin dalilan. Ya rage hasken rana a arewacin tekun Atilantika, ruwan wajen ya yi sanyi, sai damina ta ja baya zuwa kudu ta bar ƙasashen Sahel. Wanda ya hura wutar yana wata nahiya, wanda ya rasa hatsi yana Daura ko Maraɗi.

Wani zai ce, tunda hayaƙi na tare rana, ai gara a bar shi ya rage mana zafi. Wannan inuwar giginya ce. Zafin da iskar kabon ke tarawa yana nan, hayaƙin ɓoye wani ɓangarensa kawai yake yi, kuma mu ne ke biyan kuɗin da tari da asma da ciwon ido na 'ya'yanmu. Balle irin namu na nan, baƙin, ƙara ɗumama iska yake yi.

Mun sani sarai ba mu ne manyan masu laifi a garin nan ba. Amma akwai kason da ke hannunmu, kuma gaskiya ɗaya ce. A kwata da dama har yanzu da tsofaffin tayoyi ake babbakar kai da ƙafa da ganda. Yaran da ke wannan aiki namu ne, su ke fara shaƙa, sannan matan da ke sana'a a gefe, sannan mai saye ya kai naman gida. A unguwanninmu ana cinna wa bola wuta da leda da roba a ciki. Duk ranar da hukuma ta tashi rufe wata mayanka, wannan hayaƙin ne hujjar da za ta fara riƙewa, kuma abincin ɗaruruwan gidaje ne zai tsaya.

Mun san abin da mahauci zai ce: taya araha gare ta, gas kuwa da tsada. Haka ne, shi ya sa bai kamata a bar wa mutum ɗaya nauyin ba. Shawararmu ita ce sarakunan fawa su zauna da masu babbaka a kowace kwata, a yi karo-karo a sayi tukunyar gas da bututun babbaka na haɗin gwiwa, a ƙara ɗan abin da ya sawwaƙa a kan kowane kai. Kafin a kai ga haka, itace ya fi taya sauƙin illa. Masu unguwanni su hana ƙona bola, a haɗa kuɗin kwasar shara. Masu janareto su riƙa gyara shi da zarar ya fara fitar da baƙin hayaƙi.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne, burbushin hayaƙi ba ya daɗewa a sama. Cikin kwanaki ko 'yan makonni ruwa ke wanke shi, saɓanin iskar kabon da ke ɗaukar ɗaruruwan shekaru. Idan aka daina yau, mu da kanmu za mu ga bambancin a bana.

Za mu sa wannan batu a taronmu na wata mai zuwa. Muna roƙon shugabannin mahauta su halarta da kansu, kuma duk mai shawara ya ajiye ta a ƙasan wannan rubutu. Allah Ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.

Sakataren Ƙungiya