Wai Tsaro! Wa Ake Tsarewa?

'Yan'uwana ɗalibai, Bahaushe ba ya shiga gidan wani sai ya tsaya a zaure ya yi sallama. To, yau ga wani baƙo da ke shigewa har ƙuryar ɗaki ba ko gyaran murya, sunansa Pegasus. Manhajar leƙen asiri ce da kamfanin NSO na Isra'ila ya ƙera. Takan kutsa cikin wayar mutum ko bai taɓa komai ba, ta kwashe saƙonninsa da hotunansa, ta kunna kyamara da makirfo yana zaune da iyalinsa.

Kamfanin ya ce gwamnatoci kaɗai yake sayar wa, wai don farautar 'yan ta'adda da manyan masu laifi. Madalla! Ni ma ban ƙi a kama ɗan ta'adda ba. Amma su wa aka kama? A 2019 WhatsApp ya kai NSO ƙara a Amurka saboda kutsen da aka yi wa wayoyi wajen 1,400, daga baya kuma ta bayyana cewa har da na wani bishop da 'yan adawa a Togo. A Yulin 2021 'yan jarida suka bankaɗo jerin lambobi kimanin 50,000 da ake zargin masu sayen manhajar sun sa wa ido, ciki har da lambar Shugaba Macron na Faransa. Ashe shi ma ɗan ta'adda ne?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne halin manyan ƙasashe. Ba a fitar da Pegasus sai da izinin ma'aikatar tsaron Isra'ila, ke nan gwamnati ta san wanda aka miƙa wa wuƙa. Amurka kuwa ta sa NSO cikin baƙin littafinta a Nuwamban 2021, sai ga shi a 2022 an gano hukumarta ta FBI ta riga ta sayi manhajar tun 2019, wai gwaji kawai take yi. Kura ce za ta ce da kare maye?

Don haka ina goyon bayan David Kaye, jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin faɗin albarkacin baki a wancan lokaci, da ya nemi a 2019 a dakatar da cinikin irin wannan kaya sai an kafa masa doka. Ni a nawa ganin, kada a taɓa wayar kowa sai alƙali ya ga hujja ya sa hannu, wanda aka leƙa bisa zalunci kuma a ba shi damar kai ƙarar mai sayarwa da mai saye duka.